Kiɗan badujala: abin da Ingila ta bari a Sudan, da rabon da mu Hausawa ba mu ɗauka ba tukuna

Duk wanda ya girma a Sudan ya san abin da ake nufi idan aka wayi gari gidan rediyon Umdurman ya katse shirye-shiryensa ya saki kiɗan sojoji. Ba sai an nemo mai fassara ba. Uwa ta hana yara fita, mai kanti ya buɗe ƙofa rabi, dattawa su kewaye rediyo suna jiran sanarwa. Daga juyin mulkin Janar Ibrahim Abbud a 1958, zuwa na Ja'afar Numeiri a ranar 25 ga Mayun 1969, da na Umar al-Bashir a ranar 30 ga Yunin 1989, har zuwa 11 ga Afrilun 2019 da aka sauke shi al-Bashir ɗin, kiɗan nan yakan riga labari shiga gida. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, da mun ji "marshat", gabanmu ke faɗuwa tun kafin kunne ya ji daɗi.

Mu nan Fashaga abin ya fi haka nauyi. Tsakanin kogin Atbara da Sitit da Basalam mun ga kaki iri-iri. A ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka dawo gonakin bakin iyaka, a daidai lokacin da 'yan gudun hijirar Tigray ke tsallakowa. Sannan ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya cika Gadarif da bayin Allah da suka baro Kartum da Madani da Sinja. Yaron da yake da shekara goma a yau, soja a wurinsa bindiga ce da shingen bincike. Bai san akwai sojan da duk makaminsa ƙaho ne ba.

Duk da haka ni ina son kiɗan nan, kuma ina so mai karatu ya ba ni aron kunnensa. 'Yan uwanmu na Najeriya suna kiran sa badujala, wato taron masu busa da masu ganga irin na soja da 'yan sanda. Tushensa, a yadda muka san shi, daga Birtaniya yake. Kuma idan aka bi tushen, za a tarar da wani abin da ba a zata ba: mafi daɗinsa ba a fagen yaƙi aka haife shi ba. Daga bakin manoma da maƙera da masaƙa aka ɗauko shi.

Yadda ta iso mana

Badujala irin ta Birtaniya ta shigo ƙasar nan ne tare da rundunar Masar da Turawan Ingila ke jagoranta a ƙarshen ƙarni na 19. A cikin rundunar da Kitchener ya zo da ita Karari a 1898 akwai bataliyoyin 'yan Sudan, daga ta 9 zuwa ta 14, kuma a irin waɗannan bataliyoyi ne 'yan ƙasa da dama suka riƙe begila da tarampet da kilarinet, suka koyi karanta nota, wato rubutun kiɗa. A 1925 aka kafa Rundunar Tsaron Sudan, aka rarraba ta sassa. Sashen gabas, wanda ake kira Rundunar Larabawan Gabas, a nan Gadarif hedikwatarsa take. Ya'ani kakanninmu da suka zauna a wannan yanki sun ji busar begilar asuba da ta faɗuwar rana da kunnensu. A watan Nuwamban 1940 kuma aka gwabza da Italiyawa a Gallabat, nan kusa da mu.

Amma abin sha'awa shi ne, 'yan Sudan ba su tsaya ga abin da Bature ya rubuto musu ba. Sojojin nan kowa da ƙauyen da ya fito, kowa da waƙar da uwarsa ta rene shi da ita. Sai aka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin gida ana ɗora su a kan takun maci. Marsh ɗin da ake kira Shulkawi, sunansa ma ya faɗi asalinsa: daga karin mutanen Shuluk na bakin Farin Nilu yake. Wanda ya ji Marsh 14 kuwa ya san wannan ba kiɗan Landan ba ne, ko da kuwa kayan busar na Landan ne. Kiɗan Sudan a kan muryoyi biyar yake tafiya, abin da Larabawa ke ce wa khumasi, kuma yawancin kiɗanmu na Hausa ma haka yake. Tsofaffin waƙoƙin Sikotlan da yawa su ma haka. Ba mamaki da algaitar Sikotlan mai salka, wadda a nan ake ce wa girba, ta samu gindin zama a faretin ƙasar nan kamar a nan aka haife ta.

Taken ƙasa da yaranmu ke tsayawa dominsa a layin safe na makaranta ma ɗan wannan gida ne. Asalinsa taken Rundunar Tsaron Sudan ne. Ahmad Muhammad Salih ya rubuta baitocin, hafsan kiɗan soja Ahmad Murjan ya yi masa kari, aka ɗauke shi taken ƙasa da samun 'yanci a 1956. Bayan haka, masu busa da dama da suka raka manyan mawaƙa a rediyon Umdurman, wanda aka buɗe a 1940, a badujalar soja ko ta 'yan sanda suka koyi sana'ar. Maƙwabtanmu na Habasha ma labarinsu ke nan: Tilahun Gessesse da Mahmoud Ahmed duk sun yi waƙa da badujalar dogaran sarki a Addis Ababa.

Daga abin kunya zuwa makaranta

Ita kanta badujalar Birtaniya da tuntuɓe ta fara. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, aka tara rundunoni a Iskutari da ke ƙasar Turkiyya don bikin ranar haihuwar Sarauniya Victoria. Aka ce duk badujalolin su busa taken ƙasa tare. Kowace runduna da irin muryar da ta saba, da irin tsarin da malaminta ya koya mata, sai abin ya fito kamar kasuwar jakuna, a gaban baƙi. Wannan kunya ce ta sa a 1857 aka buɗe makarantar kiɗan soja ta Kneller Hall a Twickenham, wajen Landan, don kowa ya koyi abu guda. Daga can aka riƙa yaye shugabannin badujala ana tura su duk inda tutar Ingila ta kai, daga Indiya har Afirka. Sai a 2021 sojojin suka bar wannan gida.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga can shi ne Frederick Ricketts, wanda yake sa hannu da sunan Kenneth Alford. Shi ya rubuta macin Colonel Bogey a 1914. Ko ba ka san sunan ba, wataƙila ka san karin, domin shi ne fursunonin yaƙi ke fito da shi a fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957. Idan ka saurari macin Alford da kyau, za ka ji ba gaggawa a cikinsa. Yana da nauyi, yana da natsuwa, kuma a ƙarƙashin babban karin akwai wani kari na biyu da ƙahonin tsakiya ke yi, kamar mutum biyu na tafiya suna hira.

To amma har farkon ƙarni na 20, manyan marubuta kiɗa na Ingila ba su ɗauki badujala da muhimmanci ba. Maci take yi, sai kuma kwaikwayon abin da aka rubuta wa masu goge. Wanda ya sauya wannan shi ne Gustav Holst, malamin makaranta, wanda aka haifa a 1874 ya rasu a 1934. Ciwon jijiya a hannun dama ya hana shi zama makaɗin fiyano, sai ya ci abinci da busa tarambon na wasu shekaru. Saboda haka ya san kayan busa daga ciki, ya san inda numfashi ke ƙarewa da inda leɓe ke gajiya. A 1909 ya rubuta First Suite in E-flat, jerin kiɗa mai kashi uku da bai wuce minti goma sha ɗaya ba, aka busa shi a Kneller Hall a 1920. Ya tsara shi yadda mutum 19 kacal za su iya busa shi, idan kuma an samu ƙari, alhamdu lillahi.

Wanda yake da intanet a wayarsa ya nemi kashin farko ya saurara. Manyan ƙahoni masu kaurin murya ne ke farawa, a hankali, da wani gajeren kari. Sai karin ya dawo, ya sake dawowa, har sau 16, amma kowane zuwa da sabuwar riga: yanzu yana ƙasa, an jima yana sama, wani lokaci a kife, har ya cika wuri a ƙarshe kamar ruwan Atbara a watan Agusta. Kashi na biyu da na uku ma daga muryoyi ukun farko na wannan kari suka tsiro. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba. Ai haka amshi yake: abu guda ne ake komawa gare shi, sai dai duk dawowa da abin da aka ƙara.

Shekarar 1903 a wurare uku

Akwai shekara guda da ta haɗa labarinmu da na wannan kiɗa. A 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas da jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A 1903 ɗin ne wani hafsan Ingila, Manjo Gwynn, ya bi dajin nan yana sa alamun iyakar Sudan da Habasha, iyakar da har gobe ake jayayya a kanta a gonakin Fashaga. A wannan shekara dai, can a ƙauyukan Ingila, wasu mutum biyu, Cecil Sharp da Ralph Vaughan Williams, suka fara bin tsofaffi gida-gida da littafi da fensir, suna rubuta waƙoƙin da suka gada, domin sun ga masana'antu da birane na cinye su. Vaughan Williams shi kaɗai ya tara sama da 800.

Daga irin waɗannan waƙoƙi ne ya gina English Folk Song Suite a 1923, wanda yau makarantu da dama masu badujala a Turai da Amurka da Japan suka san shi. Holst ma haka ya yi a jerinsa na biyu, Second Suite in F, na 1911. A cikinsa akwai kashin da yake waƙar maƙeri ce, har ana dukan uwar maƙera a tsakiyar kiɗan. Ranar da na fara jin sa sai na tuna dundufa, kiɗan maƙeranmu. A kashin ƙarshe kuma ya ɗora wata tsohuwar waƙa mai sanyi a kan wani karin rawa mai sauri, suna tafiya tare, babu wanda ya taka wani.

Ka ga ke nan, abin da ya sa kiɗan nan bai tsufa ba shi ne ba daga fada ya fito ba. Waƙar mai noma ce da mai ƙira aka sa wa kaki. Kuma da ba a samu masu bin tsofaffi da fensir ba, da ta bi su kabari.

Abin da mai busa yake ji

Abin da na faɗa daga kunne ne. Na ciki kuwa daga Kawuna na ji shi, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana busa tarambon a badujala kafin ya ajiye aiki ya dawo noman riɗi da dawa a wajen Shuwak. Yanzu haƙora sun zube, leɓe ba ya riƙe bakin ƙaho, amma ƙahon na nan a cikin akwatinsa, a naɗe da tsohon zane, yana fito da shi lokaci-lokaci ya goge.

Wata rana bayan la'asar, a lokacin yankan riɗi, na kunna masa Holst a waya. Bai taɓa jin sunan mutumin ba. Ya yi shiru, yatsansa na bugun gwiwa. Da aka kai tsakiya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, ɗana. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa busa. Ji inda ya bar musu wurin shan iska."

Na ce, "Kawu, mene ne daɗin abin a wurinku, tunda rabin lokaci ma ba ku ne ke riƙe da karin ba?"

Sai ya yi dariya ya ce ai daɗin ke nan. A yadda ya bayyana mini, mai busa a badujala abu uku yake koyo, kuma busar ce ta ƙarshe. Na farko ƙidaya: za ka iya zama kana ƙirga gaɓa talatin ba ka busa komai ba, amma idan ka yi gyangyaɗi ka shigo a makare, ka ɓata wa mutum arba'in aiki. Na biyu sauraro: dole kunnenka ya kasance a kan na kusa da kai, idan muryarsa ta ɗan hau ka bi shi, idan ta sauka ka sauka, har sai muryoyin sun narke sun zama ɗaya. Ya ce ranar da aka dace, za ka ji iskar wurin na rawa a ƙirjinka, ka kasa gane wacce ce muryarka. Na uku shi ne numfashi, kuma shi ma ba naka ba ne kai kaɗai. Idan dogon sauti ne, ku uku za ku raba, wannan ya sha iska yayin da wancan ke riƙe, mai sauraro bai san an yi canji ba.

A nan ne ya kwatanta mini da algaita. Mai algaita shi kaɗai yake riƙe sautinsa, yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, ba ya yankewa. Gwaninta ce babba, amma ta mutum guda ce. Badujala kuwa gayya ce, abin da maƙwabtanmu ke ce wa nafir. Kuma duk manomin riɗi ya san ma'anar wannan: idan riɗi ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka, in ba a taru an yanke shi tare ba, ya fashe ya zube a ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko a Shuɗin Nilu, ƙahonin waza haka suke, kowane ƙaho murya guda yake bayarwa, sai an taru kari ke fita.

Ya kuma ce mini, a layin da ya zauna akwai Banube da Bashaiƙe da mutumin Darfur da shi Bahaushe. A waje ana iya tambayar ka ƙabilarka. A cikin layi tambaya guda ce: ka shigo a kan lokaci?

Da talakawa suka karɓe ƙaho

A wurinmu kayan busa na sarauta ne. Kakaki ba a busa wa kowa sai sarki, algaita da farai ma a ƙofar fada suke. A Sudan kuma badujala ta gwamnati ce. Amma a arewacin Ingila wani abu dabam ya faru, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalina.

A tsakiyar ƙarni na 19 aka samu ƙahonin tagulla masu maɓalli uku, masu araha. Begila ba ta da maɓalli, muryoyinta ba su wuce biyar ba. Maɓallan nan kuwa kowanne yana ƙara wa bututun tsawo, sai muryar ta sauka, da haka ake samun duk muryoyin da ake bukata. Daga ƙaramin ƙaho har babba kusan danna iri ɗaya ce, don haka malami guda zai iya koyar da gari guda, kuma hannun da ya yi kanta da aiki ma zai iya. Sai ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal suka kafa badujalolinsu, mutum kamar 25 kowacce, suna atisaye bayan an tashi aiki. A 1853 aka fara babbar gasa a Belle Vue da ke Manchester. A 1855 aka kafa ta masaƙar Black Dyke a Queensbury, wadda take nan har yau. Shi kansa Holst ya rubuta musu A Moorside Suite a 1928.

Ta garin Grimethorpe, wadda masu haƙar kwal suka kafa a 1917, ita ce labarinta ya fi taɓa ni. A watan Oktoban 1992 gwamnati ta sanar za ta rufe ramukan kwal da dama, har da nasu. Bayan 'yan kwanaki suka je Landan suka cinye gasar ƙasa. Ramin ya rufe a 1993, amma badujalar ba ta mutu ba. Daga labarinsu aka yi fim ɗin Brassed Off a 1996. Garin da ya rasa abincinsa ya riƙe muryarsa. Mu da muka san rasa gona da rasa gida, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To mu fa?

Ga inda gizo ke saƙa. Akwai wani yaro a danginmu da ya ƙwallafa rai a kan ƙahon Kawu. Mahaifinsa ya ce atafau, ɗansa ba zai zama maroƙi ba. Na fahimci mahaifin. A al'adarmu kiɗa gado ne, kuma mai kiɗa yana bin mai kuɗi ne da yabo. Amma mai busa a badujala ba ya yabon kowa, ba ya miƙa hannu. Karatu yake yi, da ƙidaya, da horo. A Kartum a 1969 aka kafa babbar cibiyar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo, aka riƙa shiga da takarda ana fita da takarda.

Batun addini kuma fagen malamai ne, sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi, kuma ba na ce a tilasta wa kowane gida ba. Sai dai mu tuna da Aisha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da Aisha al-Fallatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo, mahaifinta malami ne kuma da farko bai yarda ba. Ta shiga rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da mace ba ta waƙa a bainar jama'a, ta kuma yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga a yaƙin duniya na biyu. Ta rasu a 1974. Yau idan wani ya ce mu baƙi ne a ƙasar nan, sunanta na cikin na farko da muke kawowa. Bayan abin da ya faru da mutanenmu a Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022, babu Bahaushen Sudan da bai san zafin wannan magana ba.

Shuluk sun ji karinsu a faretin ƙasa. Mu da muka haura shekara ɗari muna noma da su da kasuwanci a bakin kogunan nan, me muka miƙa? Muna da abin miƙawa kuwa: waƙoƙin daka da niƙa, na gayya, na masunta, na kai amarya, na tashe. Amma iyayenmu mata da suka iya su suna ta tafiya, jikokinsu kuma Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Yaƙi ya ƙara watsa gidaje. Tsohuwar da take Sinja bara, bana tana Gadarif, jikarta tana Bur Sudan.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Na farko, duk mai waya ya zauna da kakarsa ko gwaggonsa ya naɗi abin da ta iya, ya rubuta sunan waƙar da lokacin da ake yin ta da garin da aka zo da ita. Vaughan Williams da fensir ya yi, mu muna da abin da ya fi fensir. Na biyu, ƙungiyoyin matasanmu da na 'yan kasuwa a Gadarif da Shuwak su nemo tsofaffin masu busa da suka yi ritaya, irin su Kawu. Suna nan cikinmu, sun iya nota, kuma babu mai tambayar su. Su ne za su iya mayar da abin da aka naɗa zuwa rubutu. Na uku, idan Allah ya kawo lafiya makarantu suka daidaita, a fara da kaɗan: begila biyu, ganga biyu, sarewa goma. Holst ma mutum 19 ya nema, ba ɗari ba. Yaron da ya saba jiran gaɓarsa, ya saba sauraron na kusa da shi ko wane yare yake yi a gida, ya koyi abin da ƙasar nan ke matuƙar bukata.

Shi yaron namu kuwa, magana ba ta ƙare ba. Mahaifiyarsa ta kai ƙara wurin Kawu, Kawu ya ce a bari a gama sussukar dawa, zai je da kansa ya zauna da mahaifin. A halin yanzu ya yarda yaron ya riƙa zuwa bayan la'asar yana koyon karanta nota a kan allo, ba tare da ya taɓa ƙahon ba. Ya ce ai ƙidaya ce farko.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa albarka a amfanin gona. Amin.